Marufin Kunne da Sallamar Malam Sambo

Mutanen Ƙofar Jatau ba su saba haɗuwa a kan magana ɗaya ba, amma a wancan lokaci sun haɗu a kan cewa babu mahaluƙin da zai ƙara zama a zauren gidanmu ya buɗe littafi ya fahimci abin da ke ciki, muddin injin niƙan Ɗanjuma yana aiki. Mai unguwa ya faɗa. Limamin masallacinmu ya faɗa. Likitan da nake gani a Tudun Wada ya faɗa da Turanci, ya kuma maimaita da Hausa don kada in ce ban gane ba. Wasu suka ba ni shawarar in toshe ƙofar zauren in fasa wata ta bayan gida, wasu suka ce in tattara in koma Kaduna wajen 'yata Hadiza. Na saurare su duka, na gode musu, sannan na shaida musu cewa a zauren nan mahaifina ya yi karatunsa, a nan aka ɗaura mini aure, kuma a nan zan zauna in yi nawa karatun, da inji ko babu inji. Na kuwa yi. Yadda aka yi na yi, da abin da ya biyo baya, shi zan rubuta muku a wannan babi, ya ku 'ya'yana, domin na san an ba ku labarin a karkace, kuma waɗanda suka ba ku ba sa wurin sa'ad da abin ya faru.

Na ajiye aiki a tsakiyar shekarun tamanin, bayan na koyar a aji, na riƙe makaranta, na ƙare a matsayin sufeton makarantu. Ban daɗe da dawowa gida ba Allah ya karɓi mahaifiyarku. Ku kuwa kowa ya riga ya kama gabansa: Kabiru yana Legas wajen gyaran jiragen sama, Hadiza tana ɗakin mijinta, sauran suna inda aiki ya kai su. Gidan da a da sai an ɗaga murya kafin a ji juna saboda yawan jama'a ya rage daga ni sai ƙanwata Asabe, wadda kuke kira Goggo, can a ƙuryar gida. Abin da ya riƙe ni a waɗannan shekaru shi ne zaure. Da safe in yi karatu, bayan la'asar dattawan unguwa su taru a shimfiɗa tabarmi, a yi hira har a kira magariba.

A cikin haka ne Ɗanjuma, wani mutumin ƙauye daga wajen Giwa, ya kama shagon da ke manne da bangon zauren ya kafa injin niƙa mai shan dizal. Ban taɓa riƙe shi a zuciya ba, kuma ba na so ku riƙe shi. Mutum ne mai ladabi, ba ya wuce ni sai ya durƙusa. Matan unguwa sun huta da tafiya bakin kasuwa, Goggonku ma a wurinsa take markaɗe. Amma bangon da ke tsakaninmu na ƙasa ne, kuma injin ƙara biyu yake yi. Akwai wani gurnani mai kauri wanda ba ya tsayawa, yana bin ƙasa ya hau bango ya shiga ƙirjin mutum, har ruwan da ke cikin buta za ka ga yana rawa. Akwai kuma ihun ƙarfe mai tsini da ke tashi duk lokacin da aka zuba hatsi. Na biyun yana zuwa ya wuce. Na farkon shi ne azabar, domin daga hantsi har faɗuwar rana ba ya barin kai ya huta.

Dattawan hira suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya, kowa da uzurinsa, har majalisar ta koma zauren Alhaji Tanimu a ƙarshen layi. Sun aiko in bi su can. Na ce a gaya musu ina gaisuwa. Mutum ɗaya ne bai daina zuwa ba, shi ne Malam Sambo.

Ku da kuka san shi a tsufansa ba ku san abin da ke tsakaninmu ba. A gaban malami ɗaya muka fara karatun allo. Ni aka ɗauke ni aka kai elementare, shi ya ci gaba har ya zama mai ba da karatun littattafai a zaurensa da ke can bayan kasuwa. Tun daga ranar da aka yi mini ɗinkin kayan makaranta bai ƙara kirana da sunana ba, sai ɗan boko, ni kuma ina ce masa gardi. Muryarsa mai kauri ce ƙwarai, ƙasa-ƙasa, kamar daga cikin randa take fitowa, kuma bai yarda da ɗaga ta ba. Yana da wata ƙa'ida da ya koyar da ɗalibansa, ya kuma riƙe wa kansa: in ya zo ƙofar mutum zai tsaya a waje ya yi sallama, in ba a amsa ba ya sake, ya sake ta uku, sannan ya juya ya tafi. Ba ya leƙe, ba ya ɗaga labule. Zauren da ya yi wasa a cikinsa yana yaro ma bai taɓa shigarsa ba sai na amsa. Da injin ya zo, sai ya riƙa takowa bayan la'asar da sandarsa, idanunsa sun riga sun yi rauni, ya zauna kusa da ni mu yi shiru tare, domin shi ba zai yi ihu ba, ni kuma ba na jin sa. Sai Ɗanjuma ya kashe inji gab da magariba muke samun ɗan abin da muka samu.

“Ɗan boko,” in ji shi wata rana da shirun ya sauka, “shekara nawa ka yi kana hana 'ya'yan mutane surutu a aji? Ga shi Allah ya kawo maka ɗalibin da ba ya jin bulala.”

A farkon shekarun casa'in Kabiru ya zo ganin gida, ya same ni da ƙyalle ɗaure a goshi saboda ciwon kai. Ya koma Legas. Da ya sake zuwa sai ga shi da wani abu a cikin jaka, irin wanda matuƙa jirgin sama ke ɗorawa a kai. Ƙoƙuna biyu ne masu taushin baki, baka ta haɗa su ta saman kai, da waya da ta tafi zuwa wani ɗan akwatin batir mai makunni. Shi hedifon yake ce masa, ni kuwa marufin kunne na sa masa. Na gaya masa na riga na gwada auduga da tsumma, har da irin marufin da ma'aikatan masaƙa ke sawa, duk gurnanin yana ratsa su. Ya ce wannan daban ne. A cikin kowane ƙoƙo akwai wani ɗan kunne na lantarki da ke sauraren ƙarar da ta shigo, nan take sai abin ya fitar da kishiyarta, su haɗu su kashe juna kafin su isa dodon kunne. Na ce ban taɓa jin an kashe ƙara da ƙara ba. Ya ce in sa kawai.

Na sa. Ƙarar ta ragu kaɗan, kamar an rufe ƙofa. Sai ya danna makunnin. Ba zan iya kwatanta muku abin da na ji ba face in ce kamar an sauke mini buhu daga ka, wanda na manta ina ɗauke da shi. Gurnanin ya janye, ya koma can nesa kamar motar da ke wucewa a bayan ganuwa. Ina jin rawar ƙasa a tafin ƙafata, ina ganin ruwan buta yana motsi, amma kaina shiru. Abin da ya rage sai wani siririn huci a cikin ƙoƙunan, da ɗan nauyi a kunne irin na mai hawan dutse.

Ni ba mutum ne mai karɓar abu ba gwaji ba. Bayan Kabiru ya koma, na zauna na bi abin daki-daki. Na gane ƙara mai kauri wadda ba ta sauyawa ita ce yake cinyewa kusan duka. Ihun ƙarfe in an zuba hatsi yana shigowa, amma a disashe, ba ya huda kai. Abin da ya faɗo ba zato, kamar faɗuwar kwano ko bugun guduma, wannan ba ya iya tare shi sosai. In batir ya yi sanyi, gurnanin yakan dawo a hankali kamar mai saɗaɗe. Daga nan na gwada muryar mutum, domin na san haƙƙin sallama. Na sa Goggonku ta tsaya a soro na biyu ta kira ni, inji yana aiki. Kun san muryar Goggo. Na ji ta, siririya amma a fili. Na ji masu tallan da ke wucewa, na ji kukan awaki, na ji kiran sallar azahar daga lasifika. Sai na yanke cewa duk wanda ya yi sallama zan ji shi. A bisa abin da na gwada, wannan hukunci ne na mai hankali.

Abu ɗaya ya rage. Ban ga dacewar mutum mai shekaruna, wanda ya horar da rabin malaman lardi, ya zauna a ƙofar gidan ubansa da ƙoƙuna a kai kamar mai shirin tashi sama ba. Saboda haka nakan ɗora marufin, in yafa hiramina a bisa, ya rufe har kafaɗa, akwatin batir kuma in sa a aljihun riga. Nakan saki asabari a ƙofa, in zauna na ba ƙofar baya domin haske ya faɗo a kan shafi. Wanda ya hango ni ta tsakanin karan asabari, abin da zai gani shi ne dattijo a lulluɓe yana karatu. A cikin 'yan makonni na sauke littattafan da suka shekara suna jirana.

Malam Sambo ba ya gari a lokacin. Ya tafi ƙauyen dangin mahaifiyarsa ta'aziyya, ciwon gwiwa ya riƙe shi can. Niyyata in ya dawo in nuna masa da kaina, bayan na shirya amsar da zan ba shi, don na san zai yi wata yana tsokanata. Na ji labarin ya dawo. Na riƙa cire marufin da la'asar ina jiran sa. Bai zo ba. Mako ya wuce, wani ya biyo. Na ce a raina, to, shi ma ya gaji, ya bi sauran zuwa wajen Tanimu. Ban aika ba, ban tambaya ba. Ina ganin wanda aka ƙaurace wa zaurensa ba shi ne zai bi mutane yana tambayar dalili ba.

Ranar wata Juma'a muka yi kiciɓis da Malam Sambo a bakin masallaci bayan an idar. Na miƙa hannu, ya karɓa da yatsu.

“Alhaji, an wuni lafiya? Ya iyali?”

Da sunan Alhaji ya kira ni, ba ɗan boko ba. Na amsa masa da Malam, muka rabu.

Daga nan na daina cire marufin da la'asar, tunda babu wanda nake jira. Na sami shirun da aka ce ba zan samu ba, na same shi har ya yi mini yawa. Nakan ɗaga kai daga littafi in ga inuwar mutane tana gilmawa a jikin bango ba tare da motsin takalmi ba. Nakan ci karo da wata jimla mai daɗi, in juya gefen da yake zama don in karanta masa, in ga tabarma a naɗe. Da magariba in na cire abin, inji ya mutu, sai in tarar shirun waje da na cikin ƙoƙunan duk ɗaya ne. A haka damina ta wuce, kaka ta wuce, muka shiga azumi muka fita.

Hadiza ce ta zo yawon Sallah, ta biya gidan Malam Sambo gaida iyalinsa kamar yadda ta saba. Da ta dawo ta same ni a zaure, ta durƙusa, ta daɗe tana murza bakin mayafinta.

“Baba, me Baba Sambo ya yi maka?”

Na ce ita za ta gaya mini abin da na yi masa. Sai ta kwashe abin da matarsa ta faɗa mata. Ashe washegarin dawowarsa daga ƙauye bai iya jiran la'asar ba, da hantsi ya tako, da ɗan ƙullin zuma da ya kawo mini. Ya tsaya a bakin asabari, yana hango ni a zaune, ya yi sallama uku, ban ko motsa ba. Ya ce wataƙila inji ne. Ya dawo kashegari, ya matso har goshinsa na taɓa asabari, ya ɗaga murya, abin da bai taɓa yi ba. A daidai lokacin Goggo ta kira ni daga ciki, ya ji na amsa mata. Wannan ne ya kai shi gida bai ci abinci ba. Maganar ta fita daga gidansa ta zaga unguwa, cewa Sufeto ya daina amsa sallamar malamai.

Ban kwana da maganar sau biyu ba. Da safe na sa marufin a jaka na taka har bayan kasuwa. Na yi sallama, ya amsa, na shiga. Ɗalibansa suka tashi suka ba mu wuri. Na fito da abin, na yi masa bayani kamar yadda Kabiru ya yi mini, ya saurara bai katse ni ba. Na roƙe shi ya sa ya ji da kunnensa. Ya cire rawaninsa, na ɗora masa, na danna makunni, na koma bakin ƙofa na yi sallama.

“Wa alaikumus salam,” ya ce. “Na ji ka sarai, Alhaji.”

Na tsaya riƙe da labulen ƙofarsa. Zaurensa shiru ne, babu inji a layinsu. A wuri irin wannan marufin rage murya kawai yake yi, ba ya ɓatar da ita. Sai a lokacin na fahimci abin da ya faru a nawa zauren: murya mai kauri irin tasa, daga bayan asabari, takan narke a cikin gurnanin injin, marufin kuma ya haɗa su ya shanye, ya bar siririya irin ta Goggo. Na yi ƙoƙarin faɗa masa haka, amma ni kaina na ji yadda maganar ke fita, kamar ta yaron da aka kama yana neman mafita. Na ce ya zo gidana inji yana aiki, a sake gwadawa a can. Ya miƙo mini abin, ya fara naɗa rawaninsa, ya ce in Allah ya so. Na san shi shekaru sittin, na san irin wannan in Allah ya so ɗin. Hanyar gida ba ta taɓa yi mini tsawo kamar ran nan ba.

Na naɗe asabari, na juya wurin zamana ya fuskanci ƙofa, na bar marufin a jaka. Ina zaune cikin ƙarar, kai yana sarawa, sai wata safiya na ga ƙasan sandar Malam Sambo a bakin ƙofa. Leɓunansa suka motsa. Ban ji ba, amma na amsa da ƙarfi.

Bai gaishe ni ba bayan wannan. Ya nuna wurin zamana, na gane nufinsa. Na zaunar da shi ya ba ƙofa baya, na ɗora masa marufin, na danna, na ga kafaɗunsa sun sauka kamar yadda nawa suka yi ranar farko. Na fita na saki asabari. Na tsaya a kan layi, a ƙofar gidan da aka haife ni, na kwaikwayi muryarsa gwargwadon iyawata, na yi sallama. Shiru. Na sake. Wasu mata masu ƙwaryar niƙa suka rage tafiya suna kallona. Na yi ta uku, goshina a jikin kara, ina hango bayansa, bai motsa ba. Na daɗe a tsaye a wurin, ko da yake ni na shirya abin kuma na san dalilinsa. Sannan na ɗaga asabarin na shiga na dafa kafaɗarsa. Ya zare ƙoƙunan.

“Ka yi?”

“Na yi, har uku.”

Ya juya abin a hannunsa yana shafa bakinsa da babban yatsa. Can ya amsa mini sallamar, cikakkiya, har da rahama da albarka. Ya matso da bakinsa kusa da kunnena saboda inji.

“Ɗan boko, ka rasa abin da za ka samo sai wanda ke kashe muryar maza ya bar ta Asabe? Lallai Turawan nan ba sa ƙaunarka.”

Muka zauna har azahar. Da Kabiru ya zo na mayar masa da kayansa. Ya yi ta roƙo in riƙe, ya ce in sa shi a fili kowa ya gani, in fuskanci ƙofa. Na ce idanuna a kan shafi suke in ina karatu, kuma ba zan sake yarda a tsaya a ƙofata ana jira ba. Karatun safe ya tsaya daga nan. Raunin jin da kuke fama da shi a wurina yau, wanda ke sa ku maimaita magana, daga waɗannan shekaru na zama cikin ƙarar ya samo asali.

Malam Sambo bai ƙara zuwa da yawa ba. Gwiwoyinsa sun ƙi, sai ni na riƙa takawa wurinsa. Da damina ta kewayo ya rasu. Labarin farko, na ƙin amsa sallama, ya riga ya shiga ko'ina, na biyun kuwa babu wanda ya shaida shi sai matan da suka ga tsoho yana sallama a ƙofar gidansa, kuma ba su san me suke gani ba. Shi ba mai bayani ba ne, bai tara kowa ya warware ba. Har yau in na haɗu da babban ɗansa, gaisuwarsa a taƙaice take.

Saboda haka ina so a rubuta wannan, ku riƙe, ku kuma isar wa 'ya'yan Malam Sambo ko bayan raina: mahaifinsu ya shigo zaurena, ya amsa sallamata, ya kira ni da sunan da ya saba, ranar Laraba ta biyu bayan Ƙaramar Sallah, a shekarar da aka haifi Maryam ɗiyar Kabiru.